Zuba man 2T a tankin gas na a-kori-kura: gyara ne ko ɓarna?

Ɗanjuma:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen masana. Hilux biyu ne a hannuna, tsohuwa mai injin 5L da sabuwa mai 2GD. Na sha jin ana cewa in an zuba ɗan man 2T a tankin gas, wato irin man da ake gauraya wa fetur a ƙaramin janareta da injin yankan itace, famfo da nozil suna daɗewa, inji ya rage ƙara, har cin mai ma ya ragu. Wasu kuma sun ce kashe mota ne a hankali. Don Allah wanda ya san abin ya warware mana, har da yawan da ake zubawa in dai ana zubawar.

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam. Ni kam ina zubawa, kuma na daɗe ina yi. Tawa mai injin 3L ce. Duk lokacin da zan cika tanki sai in fara zuba mililita 400 na 2T, sannan gas ya biyo baya don su gauraye sosai. Tankin lita 80 ne, ka ga kashi 1 cikin 200 ke nan. Har yau ba a taɓa sauke famfona ba, kuma a silo ƙararta ta fi laushi. Ka zuba wa motocinka, ba abin da zai same su sai alheri.

Sadiq:
Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma abin yana da asali. A Amurka ya bazu sosai, tsakanin masu manyan a-kori-kura irin su Ram da Ford da Chevrolet. A 2006 aka rage farar wutar da ke cikin gas ɗin motocin kan hanya daga kashi 500 cikin miliyan zuwa kashi 15 kacal. Turai ma ta koma kashi 10 a 2009. To farar wutar nan ita ce ke ba gas santsi. Da aka cire ta sai man ya bushe, famfuna suka fara ci, shi ne mutane suka koma zuba 2T don mayar da santsin.

Hauwa Injiniya:
Sadiq, shekarun da ka kawo daidai ne, amma akwai gyara a dalilin. Ba farar wutar ce ke ba da santsi ba. A matatar mai, ana cire ta ne ta hanyar haɗa man da iskar haidirojin a ƙarƙashin zafi da matsi mai yawa. Wannan aikin ba ya zaɓe. Yana tafiya da farar wutar, ya kuma tafi da wasu sinadarai masu ɗauke da oksijin da naitirojin, waɗanda su ne ke manne wa fuskar ƙarfe su hana ƙarfe gogar ƙarfe. Su aka rasa.

Kuma ba a 2006 aka fara ganin matsalar ba. Suwidin ta riga kowa, tun farkon shekarun 1990 da ta fito da gas mai ƙarancin farar wuta, famfuna suka yi ta lalacewa cikin ɗan lokaci. Daga nan aka koyi darasi, aka sa santsi ya zama sharaɗi a ƙa'idar mai. Ana gwada shi da wata na'ura da ake kira HFRR: ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 6 ake gogawa a kan faifan ƙarfe a cikin ɗan gas, a zafin digiri 60, na minti 75, sannan a auna tabon da ya fito a jikin ƙwallon. Ƙaramin tabo, santsi mai kyau. Ƙa'idar Turai, EN 590, ta ce kada tabon ya wuce maikiron 460 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ta Amurka, ASTM D975, ta ce 520. Don a cika wannan sharaɗi, masu sayar da man suna zuba masa maganin santsi tun kafin ya iso gidan mai. Don haka gas ɗin da ya cika ƙa'ida ba busasshe ba ne, an riga an mayar masa da abin da ya rasa.

Oga Isiyaku:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Ni ban san wannan na'urar ba, amma famfo na sani, shi ne sana'ata. Kafin a ce a zuba ko kar a zuba, sai an tambayi wane irin famfo ne a motar, domin ba ɗaya suke ba.

Akwai famfo mai layi, wanda kowace silinda ke da filanjarta, wato ɗan ƙarfen da ke matsa gas ya tura shi nozil, a jere. Wannan kamshaf ɗinsa da rololinsa cikin baƙin mai suke wanka, filanja kaɗai ke dogara da gas. Irinsa ne Bosch P7100 da ke kan tsohon Cummins 5.9, shi ya sa yake da juriya. Sai famfo mai juyi, irin VE, wanda ke kan 2L da 3L da 5L na Toyota. Shi ba ɗigon baƙin mai a cikinsa. Kam-filet, rola, filanja guda ɗaya da ke juyawa tana kai da komo, gwamna, duk a cikin gas suke iyo, shi ne man shafawarsu, shi ne kuma ke sanyaya su. In gas ya lalace, wannan famfon ne ke fara kuka. Na uku shi ne kwaman-rel, mai tara gas da matsi a bututu ɗaya (rel) da ke ba duk nozil, na sababbin motoci irin 1KD da 2KD da 1GD da 2GD. Wannan duniyarsa daban ce.

Saboda haka Ɗanjuma, tambayarka biyu ce ba ɗaya ba. Amsar 5L daban, ta 2GD daban. Alhaji, ranka ya daɗe, inda ban bi ka ba shi ne da ka ce ya zuba wa duka biyun.

Sadiq:
Oga, an fa gwada abin a ɗakin gwaji. A 2007 wasu masu motocin gas a Amurka sun haɗa kuɗi suka aika magunguna iri-iri aka gwada su da wannan HFRR ɗin da Anti Hauwa ta ambata. Gas ɗin shi kaɗai ya ba da tabo mai maikiron 636. Da aka zuba masa 2T na injin jirgin ruwa, kashi 1 cikin 200, tabon ya sauko zuwa 474. Wannan ai ba ji-ta-ji-ta ba ce, lamba ce.

Hauwa Injiniya:
Na san gwajin, kuma lambobin haka suke. Amma ka lura da gas ɗin da suka yi amfani da shi. Da gangan suka nemo wanda ba a zuba masa maganin santsi ba ko kaɗan, shi ya sa ya ba da 636, wanda ya faɗi a ƙa'idar Amurka da ta Turai duka. Irin wannan man bai kamata a same shi a famfon gidan mai ba. A kan mai irin wannan, e, 2T ya taimaka. Duk da haka 474 ɗin bai kai 460 ba. Kuma a wannan gwajin dai, abin da ya zo na ɗaya shi ne bayodizal, wato gas ɗin da ake yi da man tsiro, na waken suya, kashi 2 cikin 100, wanda ya sauko da tabon zuwa 221. Wannan ɓangaren ba kasafai masu 2T ke ambatonsa ba.

Daga baya kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu ya yi nasa gwajin, shi kuma a kan gas ɗin kasuwa wanda ya riga ya cika ƙa'ida, da ma'auni iri ɗaya, 1 cikin 200. Ba su ga wani canjin kirki a santsi ba, sai ma suka ga alamar nozil ya fi tara datti. Gwaje-gwajen biyu ba su saɓa wa juna ba. Fuskar ƙarfen da maganin santsi ya riga ya lulluɓe ba ta da gurbin da 2T zai ƙara wani abu. Wadda ba a lulluɓe ba kuwa, kome aka ba ta za ta karɓa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yawan da ake bukata. Maganin santsi na ainihi, wanda ake yi da asid na kitse ko esta, kashi gomomi zuwa ɗaruruwa kaɗan cikin miliyan ake zubawa ya yi aikin. Kashi 1 cikin 200 kuwa kashi 5,000 ne cikin miliyan. An zuba ninkin-ba-ninkin, an samu sakamakon da bai kai ba. Dalili kuwa shi ne ba don wannan aikin aka yi 2T ba. An yi shi ne ya narke a fetur, ya shafi karanshaf da fistan, sannan ya ƙone ba tare da ya toshe fulogi ba.

Alhaji Garba:
Hajiya, duk na ji bayaninki, kuma ban raina ilmi ba. Amma ki amsa mini tambaya ɗaya. Kin ce "gas ɗin da ya cika ƙa'ida". Wa ya tabbatar mini wanda ke shiga tankina ya cika ta? Ni ba ni da na'urar nan taki a aljihu. Mai yana bin tankoki da motocin dako da hannaye da yawa kafin ya iso gare ni. In wani ya tsarma shi da kananzir a hanya, takardar ƙa'idar ba za ta zo ta ceci famfona ba. Rigakafi nake yi.

Hauwa Injiniya:
Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo tun da aka fara maganar nan, Alhaji, kuma ba zan iya ture ta ba. Kananzir ba shi da santsi, kuma ya fi gas tsinkewa. In aka cakuɗa su, famfo mai juyi yana shan wahala ta fuska biyu. Mai tsohon inji irin naka, ba matatar hayaƙi, ba na'urorin lantarki a nozil, in yana zargin man da ya samu kuma ba wani maganin a kusa, 2T mai kyau a 1 cikin 200 ya fi babu. Abin da nake ja a kai shi ne a mayar da shi ɗabi'ar kowane tanki da kowace mota, kuma a ɗauka shi ne mafi kyawun abin da za a iya zubawa. Akwai maganin da aka yi musamman don santsin gas, kuma ya fi shi aiki.

Sai dai kuma tsinkewar, 2T ba ya gyara ta. Rabin kashi ɗaya cikin 100 bai isa ya mayar wa man kaurinsa ba.

Oga Isiyaku:
Maganar tsinkewa ta tuna mini abin da nake yawan gani. Famfon VE da kansa ya fara ci, in ya haɗu da tsinkakken mai, alamarsa ɗaya ce: da safe mota ta tashi da kik ɗaya, amma in ta yi zafi aka kashe ta, sai ta ƙi tashi har sai ta huce. Mai ne ke zurarewa ta gefen filanja maimakon ya tafi nozil. Wasu direbobi sukan kwara ruwan sanyi a kan famfon don ƙarfen ya tsuke ta tashi. Tana tashi kam, amma don Allah a daina, filanja na iya kamewa gaba ɗaya. Kuma famfon da ya kai wannan matakin, ko galan guda na 2T ka zuba, ƙarfen da ya zaizaye ba zai dawo ba. Sai an sauke an canja kan famfon.

Alhaji, famfonka da ya daɗe, zan so in san yadda kake yi da filta.

Alhaji Garba:
Filta kam ba na wasa da ita. Ta asali nake saye, ina canjawa a kan kari, kuma ina zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasanta. Tanki ma ba na bari ya kai ƙasa.

Oga Isiyaku:
To ni a ganina ga sirrin nan ka faɗa da bakinka. Yawancin famfunan da ake kawo mini, in na buɗe, ruwa nake samu da tsatsa da yashi. Mai kula da filta irin yadda kake yi, ko bai taɓa jin sunan 2T ba famfonsa zai daɗe. Ban ce 2T ɗin ya cuce ka ba. Na ce dai an ba shi yabon da na filta ne.

Bello Direba:
Ni ma ina da abin cewa. Me ya sa za a je a sayi 2T alhali ga baƙin man da aka juye daga inji yana nan a banza? Wani abokina tacewa yake yi da ƙyalle ya zuba a tanki. Wasu kuma man giya na otomatik suke zubawa, wai yana wanke nozil.

Oga Isiyaku:
Bello, ina roƙonka da girman Allah kar ka yi, kuma ka je ka hana abokinka. Baƙin man da aka juye cike yake da garin ƙarfe da kunkunniya, ƙyalle ba ya tare su. Tazarar da ke tsakanin filanja da gidanta maikiron kaɗan ce, gashin kan mutum ya ninka ta sau da yawa a kauri. Abin da ke wucewa ta ƙyalle ya isa ya kankare ta. Ko sabon baƙin mai ne ma bai dace ba, haka man giya. Ba a yi su don a ƙona ba.

Hauwa Injiniya:
Ƙari a kan maganar Oga. Baƙin man inji yana ɗauke da tutiya da fosfaras da kalsiyam da gangan, don kare ƙarfe da wanke inji. A cikin kwandon inji suna da amfani. A cikin gas kuwa guba ne ga nozil. Akwai gwajin da ake yi a Turai a kan injin Peugeot mai suna DW10, don a ga yadda mai ke toshe ramukan nozil. In ana so a sa nozil ya toshe da sauri don a gwada ƙarfin maganin wanki, tutiya ake zuba wa gas ɗin, kashi 1 tak cikin miliyan. Wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa a ga ƙarfin inji yana raguwa a ma'auni. To ku kwatanta da mai zuba lita guda ta baƙin mai.

Wannan ne kuma ya kawo mu ga 2GD ɗin Ɗanjuma. Kwaman-rel yana aiki da matsin da ke kaiwa 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin matsi na "bar", wasu ma sun wuce. Ramukan nozil ɗinsa ba su fi kashi ɗaya cikin goma na milimita da ɗan ɗoriya ba, kuma yana feshi sau da yawa a bugu ɗaya. Datti kaɗan a bakin ramin sai feshin ya karkace, hayaƙi ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. Man 2T na injinan da iska ke sanyayawa, masu tambarin ƙa'idar Japan, JASO FB ko FC ko FD, akasari suna da maganin wanki mai ƙarfe a ciki, wanda ke barin toka.

Ɗanjuma:
Anti, tokar nan tana da yawan da za a damu da ita? Mililita 400 ce fa kawai a tanki guda.

Hauwa Injiniya:
Mu yi lissafi. JASO FD ta yarda toka ta kai kashi 0.18 cikin 100, FB da FC kuma 0.25. Mililita 400 na man nan nauyinsa kusan giram 350 ne. In mai FD ne da ke bakin iyakar, kowane tanki zai bar toka sama da rabin giram kaɗan. Ba yawa. Amma in motar na da matatar hayaƙi, wato DPF, nan tokar za ta zauna. DPF yana ƙone kunkunniyar da ya tara lokaci-lokaci, toka kuwa ba ta ƙonewa. Bayan tanki 100 an tara kusan giram 60, a kan wadda baƙin man inji ke bayarwa dama. Kuma ka tuna saboda wannan tokar ce aka tilasta wa masu DPF amfani da baƙin mai mai ƙarancin toka, irin ajin C na ACEA ko CJ-4 da CK-4. An rage ta a baƙin man da ɗan kaɗan ne ke ƙonewa, kai kuma ka zo ka zuba ta kai tsaye a man da dukkansa ke ƙonewa.

Oga Isiyaku:
Ɗanjuma ka leƙa ƙarƙashin motarka ko ka duba littafinta. 2GD wasu suna da DPF, wasu ba su da shi, ya danganta da kasuwar da aka ƙera motar dominta. Amma ko babu, nozil ɗin dai na kwaman-rel ne.

Sadiq:
To ai shi ya sa masu yi suke cewa TC-W3 za a saya, na injin jirgin ruwa. Shi ba shi da toka. Kuma ku dubi abin da CP4, wani famfon kwaman-rel, ke yi wa mutane. Yana kan Ford 6.7 tun 2011, ya hau injin Duramax na Chevrolet daga 2011 zuwa 2016. In ya ci, garin ƙarfe yake watsawa har nozil da rel da tanki, sai an canja kusan kome. Mutumin da ke da irin wannan famfon, kuna ce masa ya naɗe hannu ya jira? Ku dai ba ku son a ce talaka ya gano wata dabara da kamfani bai faɗa masa ba.

Malam Nura:
Sadiq a sassauta. Ba wanda ya zo nan don kare kamfani. A ci gaba da hujja kamar yadda aka faro.

Hauwa Injiniya:
Ba kome Malam, damuwarsa a kan hanya take. Sadiq, TC-W3 ba shi da maganin wanki mai ƙarfe, don haka maganar toka ta yi sauƙi a kansa, na yarda. In dole sai mutum ya zuba, shi ya fi. Sauran abin da ya rage shi ne mai ne mai nauyi da bai ƙonewa da tsabta kamar gas, kuma a kan gas mai kyau ba ya ƙara santsin da za a iya aunawa. Ga kuma garanti: masu ƙera motocin nan ba su amince da shi a littattafansu ba, kuma yawancin 2T rinanne ne, ana iya ganinsa in an ɗebi man tanki.

Game da CP4, matsalarsa ta haɗa da yadda aka ƙera shi. Rola ce ke gudu a kan kam mai saurin gaske, kuma gas kaɗai ke raba su. In iska ta shiga, ko ruwa, ko man ya yanke na ɗan lokaci, rolar na iya gocewa ta fara gurzar kam ɗin. Santsi na da hannu a ciki, ban musa ba. Amma ka duba abin da Ram ta yi. Ta sa CP4 a motocin 2019 da 2020, aka sami matsala, a 2021 ta kira motocin aka canja famfon, ta koma tsohon famfon CP3. Famfo aka canja, ba man shafawa aka ƙara ba. Mai CP4 da ke son kariya, maganin santsin da aka gwada aka tabbatar ya nema, ya kula da filta, kar ya bar tanki ya ƙare, kuma in ya canja filta ya fitar da iska sosai kafin ya tayar.

Oga Isiyaku:
Haka famfon VP44 na injin Cummins ya yi suna da mutuwa, aka yi ta zargin mai. Da yawansu ƙaramin famfon da ke turo masa gas daga tanki ne ke fara mutuwa ba a sani ba, shi kuma babban ya ci gaba da aiki da yunwa, ba sanyaya ba shafawa, har ya ƙone.

Usman K.:
Ba wanda ya taɓo maganar ƙara da cin mai. Ni ma na taɓa gwadawa a D-Max kuma na ji kamar ta yi shiru. Kunnena ne ko gaske ne?

Hauwa Injiniya:
Ƙarar injin gas mafi yawanta daga yadda man ke kamawa da wuta take. In ya yi jinkirin kamawa, sai ya taru ya kama gaba ɗaya, ka ji ƙwanƙwasa. Abin da ke rage jinkirin shi ne lambar siten ta man, wadda Turai ta ce kada ta gaza 51, Amurka kuma 40. 2T ba ya ɗaga wannan lambar. Amma tanki biyu daga wurare biyu na iya bambanta a siten, kuma sanyin safiya da zafin rana ma suna canja ƙarar. Ga shi kuma wanda ya zuba da hannunsa yana sauraro ne da sa rai. In kana son ka tabbatar, ka sa wani ya riƙa cika maka tankin, wani lokaci ya zuba wani lokaci kar ya zuba, ba tare da ya gaya maka ba, ya rubuta a takarda. Kai kuma ka riƙa rubuta abin da kunnenka ya ji, daga baya ku haɗa.

Cin mai kuwa, lissafi ya yanke shi. Abin da aka ƙara rabin kashi ɗaya cikin 100 ne, kuma ƙarfin da ke cikinsa kusan ɗaya ne da na gas. Ba inda rarar kashi 5 ko 10 za ta fito. Iskar taya, nauyin kaya da ƙafar direba, kowanne ya fi wannan tasiri.

Alhaji Garba:
Ni dai a tsohuwata zan ci gaba, domin ban ga ta cutu ba kuma ban yarda da kowane mai ba. Amma na karɓi maganar sabuwar mota. Ɗanjuma, ka bar 2GD ɗin yadda take. Tambayata ta ƙarshe Hajiya: kin yabi bayodizal. In na zuba ɗan man girki a tanki, ba shi ke nan ba?

Hauwa Injiniya:
A'a Alhaji, ba ɗaya ba ne. Bayodizal man tsiro ne da aka sarrafa da metanol aka cire masa gilisarin, ya tsinke ya kusa kaurin gas. Ɗanyen man girki ya ninka gas kauri sau goma ko fiye, ba ya fesuwa da kyau, yana daskarewa a bakin nozil da ringi, kuma in ya gangara cikin baƙin mai yana sa shi ya yi kauri. Bayodizal ɗin ma a ƙasashe da yawa an riga an gauraya shi a gas ɗin gidan mai, EN 590 ta yarda har kashi 7 cikin 100, ta Amurka har kashi 5. Wanda ke shan irin wannan man, santsinsa ya wadatar tun daga gidan mai.

Bello Direba:
Wata tambayar daban. In yaron gidan mai ya yi kuskure ya zuba fetur a tankin gas, an ce a zuba 2T da yawa a cika da gas a ci gaba da tafiya. Haka ne?

Oga Isiyaku:
A kwaman-rel kar ma ka murɗa makulli, domin wasu motocin da ka kunna famfon tanki ke fara turo mai. A tura motar gefe, a juye tankin gaba ɗaya, a canja filta, a zuba gas mai tsabta, a fitar da iska da famfon hannu sannan a tayar. In an riga an tayar an yi tafiya, a kashe nan take, a buɗe filta da bawul ɗin da ke kan famfo a duba ko akwai ƙyalƙyalin garin ƙarfe. In babu, a wanke layin a ci gaba. In akwai, kar a sake tayarwa sai an sauke famfo da nozil an gwada su a kan benci. Mai famfon VE ma, in fetur ɗin ya wuce 'yar kaɗan, juyewar ita ce daidai.